Daga Manchok Zuwa Nok: Aikin Da Ba A Gani A Bayan Gilashin Gidajen Tarihin Karkara

A shekarar 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza a ƙasar Jama'a ya tsinci kan mutum na yumɓu a wurin haƙa. Ya ga zai yi masa amfani, sai ya tafi da shi gonarsa ta doya, ya kafa shi a kan mutum-mutumi domin tsorata masu ɓarna. Kan ya yi kusan shekara guda yana shan rana da ruwa kafin manajan wurin haƙar ya gan shi, ya kai shi Jos. A can ya faɗa hannun wani matashin jami'in mulkin mallaka mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilimin binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Kambirij. Fagg ya lura cewa ƙirarsa ta yi kama da ta wani ɗan kan yumɓu da aka haƙo tun 1928 kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham. Daga wannan kwatanci aka soma gane abin da duniya ke kira al'adar Nok a yau.

Masu ba da wannan labari sukan tsaya a kan sa'ar da aka taka. Sai dai abin da ya mayar da abin tsoratarwa na gonar doya shaidar tarihi shi ne an samu wanda ya tambayi inda aka haƙo shi, ya rubuta amsar, ya auna shi, ya ɗauki hotonsa, ya jera shi da ɗan'uwansa, sannan ya nema masa ɗakin da ba ya yoyo. Wannan shi ne ainihin aikin gidan adana kayan tarihi, kuma mafi yawansa yana gudana ne a bayan ƙofar da maziyarci ba ya shiga. Masu yin sa a Nok da Jos da Kaduna ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, tsarin aikinsu ɗaya da na mai zama a sakatariyar tarayya a Abuja, kuma kayan aikinsu suna rataye ne a kan fayilolin da ke yawo a teburan babban birnin.

Ƙasar da kayan ke fitowa

Manchok, a Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, ita ce hedikwatar masarautar Moro'a, ƙasar al'ummar Asholio. Tana zaune a gindin tudun Filato, a kan hanyar da ta taso daga Kafanchan ta ratsa Kagoro ta haura Ganawuri da Vom zuwa Jos. Layin dogon da ya haɗa Kafanchan da Jos a 1927, domin jigilar kuza, shi ma ta nan ya bi. Maƙwabtansu su ne Agworok na Kagoro da Takad da Atyap, harsunansu kuma 'yan'uwan juna ne. Gaba kaɗan akwai Bajju da Fantswam da Ham, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe a Jama'a da kewaye.

Ƙasa ce ta noma mai yawan ruwan sama, damina takan kama tun daga Afrilu har Oktoba. Ana noma acca da dawa da maiwa da masara da doya da gwaza da rizga, sai citta wadda ta yi wa Kudancin Kaduna suna a kasuwannin duniya. Kowane amfani da kayan aikinsa: garma mai faɗin baki ta yin kunya, fartanya ta noman ciyawa, lauje na yankan acca, turmi da taɓarya, dutsen niƙa da ɗansa, faifai da matankaɗi, tulu da randa, amyar zuma da ake ratayewa a kan bishiya, da rumbun ƙasa mai hular jinka. A bayan kowane ɗaya kuma akwai mai sana'a: maƙeri da zuga-zuginsa, masassaƙi da gizagonsa, mai ginin tukwane, mai saƙar kwando.

Waɗannan kaya suna ficewa daga gidaje ba tare da hayaniya ba. Injin niƙa ya kwantar da dutsen niƙa, jarka da bokitin roba sun maye gurbin tulu, kwanon rufi ya kori jinka, buhu da ɗakin ajiya suna karɓe aikin rumbu, maganin feshi ya rage wa fartanya aiki. Babu mai zargin matar da ta huta da durƙuson niƙa. Abin lura shi ne kayan da aka daina aiki da su ba sa daɗewa: itace ya zama makamashi, ƙarfe ya tafi wurin 'yan gwangwan, tukunya ta fashe a bayan gida. Rikice-rikicen da yankin ya sha sun ƙara saurin asarar, domin wutar da ta ci kasuwar Kafanchan a tarzomar bayan zaɓen 2011, da hare-haren da aka kai wa ƙauyukan Kaura a Maris na 2014, sun tafi da rayuka, sun kuma tafi da rumbuna da gidaje da abin da ke cikinsu na gado.

Irin wannan sauyi ne ya sa Jami'ar Reading ta Ingila ta kafa gidan tarihin rayuwar karkara a 1951, lokacin da tarakta ke korar doki daga gonakin ƙasar. Malamanta sun fahimci cewa idan ba a tattara keken doki da garmar katako a cikin 'yan shekarun nan ba, nan gaba ko da kuɗi ba za a same su ba. Kudancin Kaduna yana cikin irin wannan gaɓa yanzu.

Inda ake ajiyewa

Ɗan Manchok da ke son ganin tarihin noman yankinsa a killace, hanya takan kai shi ɗaya daga wurare uku. Akwai gidan tarihi na ƙasa da ke ƙauyen Nok a Ƙaramar Hukumar Jaba. Akwai na Jos, wanda Fagg ya jagoranci gina shi aka buɗe a 1952, mai ɗauke da tarin tukwanen gargajiya daga sassan ƙasar nan, waɗanda Sylvia Leith-Ross ta yi ɗawainiyar tattarawa. Akwai kuma na Kaduna da ke kan Titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin hedikwatar jam'iyyar NPC.

Dukkansu suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, wadda Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa. Tushenta ya koma 1943, lokacin da aka ɗora wa Kenneth Murray aikin binciken kayan tarihin Najeriya, sai dokar kayan tarihi ta 1953 da ta biyo baya. A Jos ne kuma aka buɗe cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a 1963 da tallafin UNESCO, inda aka riƙa koyar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Ke nan sana'ar tana da tsohon tushe a wannan shiyya.

A kowane gida irin wannan, abin da ke cikin zauren baje koli kaɗan ne daga abin da aka mallaka. Sauran yana ɗakin ajiya, a kan kantoci, kuma a can ne ake gane ko gidan yana raye ko suna kawai ya rage.

Alƙalami kafin gilashi

Idan wani dattijo ya kawo tsohuwar garmar mahaifinsa kyauta, jami'in rajista ne zai fara karɓarta, da babban littafin shigar da kaya a gabansa. Zai ba ta lamba wadda ba za ta taɓa zama ta wani abu ba, galibi mai kashi uku: shekarar da aka karɓa, jerin kyautar a wannan shekara, da matsayin abin a cikin kayan da aka kawo tare. Za a rubuta lambar a jikin garmar, a wurin da ido ba ya saurin kaiwa, a kan wani siririn shafi na mai da za a iya gogewa ba tare da an ji wa itacen ciwo ba. Sannan a auna tsawo da faɗi da nauyi, a ɗauki hoto ta kowace fuska da ma'auni a gefe, a rubuta kowane tsagu da kowace lanƙwasa.

Tambayoyin da ke biyo baya su ne zuciyar aikin. Wane ne ya ƙera ta, a wane ƙauye, da wane irin ƙarfe? Daga wace bishiya aka sassaƙo ƙotar? Me ake kiranta da harshen masu ita, kuma me ake kiran kowane sashe nata? A wane wata ake fito da ita, kuma don wane amfani? Namiji ne ke riƙe ta ko mace? An taɓa kai ta gayya ko noman gidan surukai? Garmar da aka ajiye ba tare da waɗannan amsoshi ba ta koma guntun ƙarfe da itace. Wadda aka ajiye da su kuwa za ta iya gaya wa mai bincike, bayan shekara ɗari, yadda ake haɗa ƙarfi a noma, da hanyar da ƙarfe ke bi zuwa maƙera, da irin ƙasar da ake huɗawa.

Rajista kuma ita ce makullin farko a kan sata. A 1987 ɓarayi sun shiga gidan tarihi na Jos suka kwashe wasu muhimman kayayyaki, ciki har da wani kan tagulla na Ife. Bayan kusan shekara 30 kan ya ɓulla a Birtaniya ana neman sayar da shi, kuma abin da ya sa aka gane shi shi ne akwai hotonsa da bayaninsa tun kafin a sace shi. Ko manyan gidajen duniya sun ɗanɗana kuɗar sakaci a nan. A Agustan 2023 Gidan Tarihin Birtaniya ya bayyana cewa kayayyaki kimanin 2,000 sun ɓata ko an lalata su, da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, har daraktan gidan, Hartwig Fischer, ya ajiye aiki. A Satumban 2018 gobara ta cinye gidan tarihin ƙasar Birazil da ke Riyo, wanda ke ɗauke da kayayyaki kusan miliyan 20. Darasin da aka ɗauka daga nan shi ne littafin rajista guda ɗaya, a ɗaki ɗaya da kayan, ba ajiya ba ne. Sai an yi kwafinsa a kwamfuta an ajiye a wani gari.

Yaƙi da gara, tsatsa da danshi

Kayan karkara sun fi na fada wuyar ajiya. Tagulla da dutse suna jure ƙarnuka, amma ƙwarya da kwando da fata da igiya da jinka an yi su ne domin su yi aiki na 'yan shekaru a sake wasu. Mai kula da lafiyar kaya yana ƙoƙarin tsayar da abin da Allah Ya halitta domin ya ruɓe.

Yanayin shiyyar ba ya taimakonsa. A watan Agusta iska takan cika da danshi, fumfuna ta hau fata da kaba, tsatsa ta kama bakin garma. Da hunturu ya shigo a Disamba sai komai ya bushe ƙarau, itacen da ya kumbura da damina ya tsuke, turmi ya tsage, fatar ganga ta ɗaure har ta yage. Wannan kai-komo tsakanin jiƙa da bushewa ya fi kowannensu ɓarna. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a riƙe danshin ɗakin ajiya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, ƙarfe kuma a ƙasa da haka. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, na'urar sanyaya ɗaki da ke kunnuwa tana mutuwa ta fi rashinta illa, domin ita ce ke haddasa hawa da saukar da ake gudu. Shi ya sa gwanaye suka fi dogara da gini mai kaurin bango, rufi marar yoyo, tagogi masu raga da iska ke ratsawa, kantocin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa, da akwatunan da ake rufewa ruf da ƙwayoyin tsotse danshi a ciki.

Sai ƙwari. Gara takan taso ta ƙarƙashin daɓe ta cinye cikin itace ta bar ɓawon, asu ya ci saƙa, ƙananan ƙwari masu huda itace su bar gari kamar na tuwo a ƙarƙashin kaya. Saboda haka ba a shigar da sabon abu ɗakin ajiya kai-tsaye. Sai an keɓe shi an ga ko yana ɗauke da baƙi. Idan yana da su, a naɗe shi a leda a saka a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako ɗaya ko biyu. Inda babu wuta, ana iya naɗe shi a baƙar leda a shanya a rana bisa ƙa'ida, domin zafin da ya kai kimanin digiri 55 yana kashe ƙwaro da ƙwansa. A da akan yi feshin guba, amma an gane tana cutar da ma'aikaci tana kuma ɓata kayan.

Akwai wata ƙa'ida da sabon ma'aikaci kan sha mamakinta: ba a gyara abu ya koma sabo. Santsin da tafin hannu ya bari a jikin ƙota, da baƙin hayaƙi a gindin tukunya, da ɗinkin da uwar gida ta yi wa fasasshiyar ƙwarya, duk shaida ce. Idan za a liƙa tsingaro da tsingaro, da danƙon da za a iya narkarwa a raba su gobe ake yi, ko da wani zai zo da ilimin da ya fi na yau.

Ginin da ba a gama shi

Rumbu ba ya shiga akwatin gilashi. Wanda zai nuna wa jama'a gidan manomi, dole ya gina shi a fili. Ƙasar Suwidin ta fara wannan salo a 1891 da gidan tarihin Skansen, Jamhuriyar Nijar ta bi sahu da gidan tarihin Yamai da aka kafa a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama. A Najeriya babban misali shi ne filin gine-ginen gargajiya da ke gefen gidan tarihi na Jos, aikin Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, wanda ya shafe shekaru yana zagaya ƙasar nan yana auna gidaje da fadoji da masallatai. A filin an kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya da wasu gine-gine daga sassa daban-daban.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da hannun mai shi. Kowace shekara bayan damina sai an yi yaɓe, an toshe tsagu, an gyara indararo, an sauya jinkar da ta ruɓe. A ƙauye wannan aikin rani ne da gida ke yi da kansa. A gidan tarihi sai an nemi magini da mai baibaya an biya su, kuma a kan lokaci, domin kuɗin da ya fito a watan Yuli bai ga amfanin yaɓen da ya kamata a yi a Fabrairu ba. Daminar da ta samu bango ba yaɓe takan ci abin da sai an ninka kuɗi kafin a mayar. Akwai kuma riba ta biyu a wannan gyara na shekara-shekara: muddin ana kiran magini, yana da dalilin koya wa yaronsa yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa da makuba.

Abin da tsingaro ya faɗa

Mutanen Nok kansu manoman karkara ne, kuma aikin bayan fage ne ya tabbatar da haka. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, sun yi aiki tare da NCMM da jami'o'in Jos da Ahmadu Bello, suka kafa sansanin bincike a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko. Kafin su, Fagg ya haƙo murahun narka tama a Taruga, kusa da Abuja ta yau, 'yarsa Angela kuma ta yi haƙa a Samun Dukiya.

Yawancin aikin na haƙuri ne. Akan ɗebi ƙasar rami a zuba a ruwa, ƙonannun ƙwayoyin hatsi su taso sama, a tace su, a shanya, a zauna da madubin ƙara girma ana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Da haka aka gano cewa gero ne babban abincinsu, tare da wake da 'ya'yan itatuwa irin su atili. Gwajin shekarun waɗannan ƙwayoyi ya nuna al'adar ta faro ne wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sassaƙen yumɓun suka bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, narkar tama kuma ta biyo baya. Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, don haka ba a samun ƙasusuwan mutane ko na dabbobi, sai aka koma ga tukwane. A 2021 masana daga Jami'ar Bristol tare da na Frankfurt suka wallafa sakamakon gwajin tsingaro fiye da 450, inda suka samu alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe ragowar maiƙo. Wato shekara 3,500 da suka wuce ana cin zuma a wannan ƙasa. Amyar da ke rataye a bishiyar bayan gari a Kaura ko Jaba tana da tsohon asali.

Babu ɗaya daga waɗannan da za a sani in da an jefar da tsingaron, ko an wanke shi da sabulu, ko an zuba shi a buhu ba lamba. An baje kolin kayan da aka haƙo a Frankfurt daga ƙarshen 2013, sannan aka dawo da su Najeriya, aka ajiye a Kaduna.

Masu gadi da masu haƙar dare

Tun daga shekarun 1990 kasuwar sassaƙen Nok ta buɗe a Turai da Amurka, dillalai suka riƙa ba matasan ƙauyuka kuɗi kaɗan su tona duk inda aka ga alama. Masanan Frankfurt sun tarar cewa mafi yawan wuraren da suka ziyarta an riga an birkice su. Mai haƙar dare sassaƙen kawai yake nema. Gawayi da hatsi da tsingaron da za su faɗi shekarunsa da ma'anarsa yakan watsar. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya sassaƙen Nok a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. A wannan shekara aka baje wasu a gidan tarihin Louvre da ke Faris, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa. Wa'adin zai cika a 2027, kuma a Abuja ne za a yanke shawarar abin da zai biyo baya.

Aikin yana da haɗari na zahiri. A Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da abokin aikinsa a Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan ƙauyen da suka bi sawunsu domin ceto. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin fili bai koma yadda yake ba. Mai gadin da ke kwana a ƙofar ƙaramin gidan tarihi na ƙauye, da fitila a hannu, yana tsaron abin da a kasuwar waje ya ninka albashinsa na shekaru.

Dokar 1979 ta hana saye ko sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba da takardar izini ba, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci irinsu ya sanar. Amma tarar da ta yanka a kan cinikin haram Naira 2,000 ce, ko ninki biyar na darajar abin, ko ɗaurin shekara 3. Naira dubu biyu kuɗi ne mai nauyi a 1979. Yau ba ta cika tankin babur.

Ilimin da ba ya shiga akwati

Marigayi Malam Tagwai Sambo ya riƙe sarautar Moro'a daga 1966 har rasuwarsa a 2024. A tsawon mulkin sarki ɗaya ƙasar ta tashi daga jinka zuwa kwano, daga dutsen niƙa zuwa inji, daga shela zuwa wayar salula. Tsararsa, waɗanda suka yi noman gayya da ƙuruciya suka kuma san sunan kowane irin acca da harshensu, suna ƙarewa. Tukunya za ta iya jiran kasafin baɗi, tsohuwar da ta san yadda ake gina ta kuwa ba ta da wannan tabbaci.

Shi ya sa jami'in nazarin al'adu ke ɗaukar rikoda ya shiga ƙauye, ya fara gaida mai gari, ya zauna da dattawa da tafinta, ya naɗi bayani, ya dawo ya rubuta shi da harshen da aka yi shi kafin ya fassara. Sa'a ɗaya ta hira takan ci sa'o'i da yawa a rubuce. Yana kuma bukatar sanin iyakarsa, domin akwai kayan da al'umma ba ta yarda kowa ya gani ba, akwai waɗanda har yanzu ake fito da su a bukukuwa irin Afan na Kagoro, da ake yi ranar 1 ga Janairu, ko Tuk Ham na Kwoi. Irin waɗannan a hannun masu su suka fi daraja. Aikin hukuma shi ne ta rubuta su, ta ɗauki hoto in an yarda, ta koya wa masu riƙon yadda za su kare su daga gara. Najeriya ta rattaba hannu a yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan al'adun da ba a taɓawa da hannu, kuma wannan aiki na rikoda da littafi shi ne cika alkawarin a aikace.

Inda fayil ya shigo

Hankalin duniya yana kan tagullar Benin, musamman tun da Jamus ta amince a 2022 ta mayar wa Najeriya mallakar fiye da guda 1,100. Nasara ce ta gaske. Amma hujjar da masu riƙe da kayanmu suka daɗe suna fakewa da ita ita ce wai ba mu iya ajiya ba, kuma ɗakunan ajiya na Nok da Jos da Kaduna ne za su ba da amsa.

Abubuwan da waɗannan ɗakuna ke bukata ba su da ƙyalli: gyaran rufi kafin ruwan farko, kantoci, ma'aunin danshi, kyamara da kwamfuta, firiza mai aiki da hasken rana, man mota na shiga ƙauye, da ɗaukar matasa su zauna kusa da ƙwararrun da ke dab da ritaya. Kusan duk suna faɗawa ne a kuɗin gudanarwa, sashen da aka fi saurin datsewa idan aljihun gwamnati ya matse, alhali sabon gini da za a yanka masa ƙyalle a gaban 'yan jarida ya fi samun mai tsaya masa. Jami'in kasafi da ya fahimci cewa yaɓe da baibaya suna da lokacinsu kamar takin zamani, ya ceci gini. Mai tsara doka a Majalisar Tarayya da ya duba tarar 1979, ya taimaki mai gadi. Hadimin da aka miƙo wa maigidansa tsohon sassaƙe a matsayin tsarabar ziyara, ya kamata ya san cewa doka tana da magana a kai, kuma ofishin NCMM ne wurin tambaya. Tsarin mulkin 1999 ya bar wa jihohi damar yin doka a kan kayan tarihin da ba a ayyana na ƙasa ba, don haka Gwamnatin Kaduna da ƙananan hukumomi da masarautu suna da nasu kason.

Da yawa daga ma'aikatan Abuja 'yan wannan shiyya ne, da Kirsimeti ko Sallah sukan kama hanyar Keffi da Kwoi ko ta Akwanga zuwa gida. A kusan kowane gida akwai ɗakin da aka jibge tsohon turmi da garmar kaka da tulun da aka daina ɗiban ruwa da shi, akwai kuma tsoho ko tsohuwa da ta san labarinsu. Wayar da ke aljihu ta isa a ɗauki hoton kowane ɗaya, a naɗi sunansa da harshen gida, da sunan wanda ya yi shi, da aikin da ya yi, a rubuta ranar da wurin. Wannan shi ne shafin farko na rajista, kuma shi ne sashen aikin da ba ya jiran sa hannun kowa.